Lambun Bayan Ɗaki da Addu'ar da Na Bari Ta Bushe

A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, atamfofin da na zuba jarina a kansu suka maƙale a hanya. Kafin a buɗe a Disamban 2020, rumfata a Kasuwar Arzeke ta Parakou ta zama wayam. Asarar kuɗin kam kowa ya sani. Abin da na ɓoye shi ne na daina addu'a. Ni Kirista ce, Bahaushiya daga wajen Malumfashi. Ina zuwa sujada ran Lahadi, ina waƙa da 'yan zumuntar mata, amma in na shiga ɗaki sai bakina ya yi nauyi.

Da hunturu ya kama na tafi Djougou karɓar bashi, tafiyar fiye da kilomita 130. Tsohon zangon fatake ne a hanyar goro ta Kano zuwa Gwanja, har yau ba a rasa masauki. Bashin bai fito ba. Na sauka gidan wani dattijo Musulmi, aminin marigayi mahaifina, mai lambu a bakin rijiya. Kullum da ya idar da sallar asuba sai ya ɗauki bokiti.

Na ce, "Baba, ka yi ban ruwa mai yawa sau ɗaya mana, ka huta kwana uku."

Ya yi dariya. "'Yata, ruwan jiya na jiya ne. Shuka ba ta san tari ba, kullum ta sani."

Ya ƙulle mini irin alayyafo da kuɓewa a takarda. Ya ce in bayar da ruwa safe da yamma, ban da tsakar rana, in rufe gindin da busasshiyar ciyawa don iskar hunturu na shanye laima.

Na shuka a bayan ɗaki. Da na yi tafiyar kwana huɗu, na dawo na kwarara ruwa kamar mai biyan bashi. Rabin tsiron bai tashi ba. A nan na ga kaina: sai wuya ta kai wuya nake kwararo wa Ubangiji kuka, in ban ga amsa nan take ba in yi fushi. A Markus sura 4, Yesu ya ba da misalin manomin da ke barci yana tashi, iri na girma ba tare da ya san yadda aka yi ba. Nawa ban ruwa ne da cire ciyawa, girman na Allah ne.

Sai na haɗa su biyun: bokiti a hannu, addu'a a baki, ko da jimla biyu ce. Ashe ba ni na fara ba. Kusa da Parakou akwai gidan sistoci 'yan Katolika tun 1960, sun raba yininsu tsakanin addu'a da aikin hannu.

Cikin wata guda muka ci miyar alayyafo, kuɓewa ta biyo baya wajen wata biyu. Jarin bai dawo duka ba har yanzu, amma bakin ya buɗe.

'Yar'uwa, in ba ki da fili, tsohon buhu da ƙasa da kashin awaki sun isa. Gobe da asuba ki fara.