Sauya manhajar kasuwanci: a ƙirga kaya kafin a tashi, a sake ƙirgawa bayan an sauka

A watan Oktoban 2020, hukumar kiwon lafiyar Ingila ta amsa cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da korona ba su shiga lissafinta ba. Ba ɓarayin intanet suka yi aikin ba. Ana kwashe sakamakon gwaji ne zuwa wani tsohon tsarin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, duk abin da ya haura haka sai ya zube. Kwanaki suka wuce ba a nemi waɗanda suka yi cuɗanya da marasa lafiyar ba.

Irin wannan asara ce ke jiran duk wani kamfani, farmasi ko babban ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram ranar da zai bar tsohuwar manhaja ya koma sabuwa. Kuma sauyin ba kullum ne ake yin shi da son rai ba. Lokacin da sabon tsarin lissafi na SYSCOHADA ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, dole kamfanonin ƙasashen OHADA, har da Nijar, suka gyara lambobin asusunsu.

Abin da ya sa lamarin ke da haɗari shi ne kwamfuta ba ta ihu. Sabuwar manhaja za ta buɗe, allon ya yi kyau, mai sakawa ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Sai bayan wata biyu wani abokin ciniki ya zo ya ce ya biya bashin da har yanzu ake bin shi.

Saboda haka aikin farko shi ne a yi kwafin dukan bayanai a ajiye a wani wuri daban, sannan a gwada buɗe kwafin a wata kwamfuta. Da yawa suna tsallake gwajin, alhali kwafin da wuta ta ɗauke ana tsakiyar yin shi ba shi da amfani.

Daga nan sai ƙirga. Abokan ciniki nawa ne a tsohuwar manhaja, faktir nawa, kaya iri nawa a magaza? A rubuta a takarda, kontabul ya sa hannu. A haɗa da jimillar kuɗi: bashin da ake bin mutane, wanda ake bin kamfanin, abin da ke banki da na akwati. Bayan an kwashe, kowane adadi dole ya fito daidai. Bambancin dala ɗaya ma abin bincike ne, don yana iya zama kuskure biyu manya ne suka kusan cinye juna.

Amma jimilla tana iya daidaita alhali cikin ya lalace, kuma a nan ne masu aiki da Faransanci suka fi faɗawa rami. A rubutun Faransanci, 1,500 na nufin ɗaya da rabi. Manhajar da aka saita da Ingilishi za ta karanta dubu ɗaya da ɗari biyar. Kwanan wata 03/04 a nan 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris, sai wa'adin biyan bashi ko ranar lalacewar magani ya gusa ba wanda ya sani. Lambar da ta fara da sifili tana iya rasa sifilinta. Sunaye masu é, ko ƙ da ɗ, su koma alamar tambaya, mutum ɗaya ya zama biyu a rajista. Akwai kuma faktir marayu, waɗanda suka iso amma mahaɗinsu da mai su ya tsinke.

Maganin wannan sai ido. A zaɓi abokan ciniki ashirin ko talatin, manya da ƙanana, tsofaffi da sabbi, a gwada su layi-layi da takardun hannu. Wanda zai yi dubawar kada ya zama wanda ya yi kwasar.

Lokaci ma na da muhimmanci. Shekarar lissafi tana rufewa ranar 31 ga Disamba, don haka farkon Janairu ya fi sauƙi. Jajibirin salla, lokacin da kanti ke cike, ba ranar gwaji ba ce. Kuma kada a goge tsohuwar manhaja don sabuwa ta tashi. Dokar OHADA ta ce a adana takardun lissafi shekara 10, kuma mai binciken haraji yana iya tambayar faktir ɗin da aka yi tun kafin sauyin.