Akushi da littafi: Majalisar karatu a Zangon Kumasi

Duk fataken da ya taɓa sauka a Kumasi ya san Ayigya Zango, unguwar da ke kusa da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, a kan hanyar Ankara. A zanguna irin wannan, magidanta kan taru a ƙofar gida ko bakin masallaci bayan sallar Isha'i, a kawo tuwon zafi ko wake da shinkafa, wanda mutanen Gana ke kira waakye. In an wanke hannu, sai mai littafi ya buɗe, Ahalari ne ko Risala, ya ja baƙi, malami ya fassara da Hausa, saura su yi tambaya.

Wannan al'ada ta ci da karatu, fatauci ne ya kawo ta. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja neman goro da littattafai a cikin kayansu. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, kuma bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete-Karachi, inda ya rasu a 1934. Ya bar waƙoƙi da Larabci da ajami, har da wadda ya yi kan talauci da wadata. Malam Sallau, wanda ya yi Sarkin Zangon Kumasi, almajirinsa ne.

To amma yau ina aka kwana? Tun shekarun 1960 Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara kwafin rubuce-rubucen malaman nan ta adana. Su kuwa samarin zango, suna jin Hausa kamar jakin Kano, amma da yawansu ba su iya karanta ta, domin ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ta ware wa makarantu. Ke nan majalisa ce makarantarsu, ga shi wayar salula da hirar ƙwallo suna neman cinye ta.

Mu ma 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari abin ya shafe mu. Muna haɗa kuɗin ciyayya kullum, amma littafi ya gagare mu. Hukuncin bashi da riba da awo duk suna cikin Risala. Me zai hana mu ware dare ɗaya a mako, a ci tuwo, a karanta shafi biyu, yaran shago suna saurare?

Allah Ya sa mu dace.