Jita 91 Kacal: Tarihin Martin D-45

Duk wanda ya san garaya ko gurmi ya san cewa daɗin sautinsu yana ga ƙoƙo da fata da hannun wanda ya haɗa su. To, haka abin yake ga jita. A cikin jitocin da ba sa amfani da lantarki, da wuya a sami wadda masu tara kayan tarihi ke nema ido rufe kamar Martin D-45 ta kafin yaƙin duniya na biyu. Guda 91 kacal aka ƙera, daga 1933 zuwa 1942.

Kamfanin Martin ya samo asali ne daga wani Bajamushe, Christian Frederick Martin, wanda aka haifa a 1796 a garin Markneukirchen. Ya yi ƙaura zuwa Niyok a 1833, daga baya ya koma Nazareth a jihar Pennsylvania ta Amurka, inda kamfanin yake har yau. Tun zamaninsa suka shahara da wata dabara: a ƙarƙashin allon gaban jita sai su manna 'yan katakai biyu a gicciye kamar harafin X. Wannan gicciye ne ya ba allon ƙarfin jure jan tsirkiyoyin ƙarfe da aka koma wa daga baya, ba tare da ya hana shi kaɗawa ba.

Harafin D kuwa yana nufin Dreadnought, watau sunan wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi na Ingila na 1906. An sa wa jitar sunan ne saboda girman ƙoƙonta da faɗin ƙugunta. Martin sun fara ƙera wannan fasali a 1916 don kamfanin Oliver Ditson, sai a 1931 suka fito da shi da sunan kansu. Babban ƙoƙo yana ba da amo mai kauri, ta yadda sautin jita ba zai ɓace a tsakanin sauran kayan kiɗa ba. Lamba 45 ita ce matakin ado mafi girma a kamfanin a wancan zamani.

D-45 ta farko odar mutum ɗaya ce. A 1933 Gene Autry, mawaƙin nan na rediyo mai shigar makiyayan Amurka, ya so a yi masa jita mai ado irin na gwaninsa Jimmie Rodgers, amma a kan babban ƙoƙo. Aka yi masa, aka rubuta sunansa a wuyanta da katantanwar teku mai sheƙi. Lambarta 53177, kuma tana ajiye a gidan tarihin da ke ɗauke da sunan Autry a Los Angeles. Bayanta aka riƙa yin ɗaya-ɗaya bisa oda, ba ta shiga jerin kayan sayarwa na kamfanin ba sai 1938. A lokacin ma an riga an sake fasalin, an fito da wuyan ya ƙara tsawo, gaɓoɓi 14 a wajen ƙoƙo maimakon 12.

Me ya sa ba a yi ta da yawa ba? Na farko, tsada. Shekarun 1930 shekarun karayar arziki ne a Amurka, mutane na neman abin kai wa baka. Na biyu, aiki ne mai cin lokaci, domin ana yanka katantanwar nan ƙanana-ƙanana a jera ta da hannu a gefen gaba da baya da ɓangarorin ƙoƙo duka. Na uku, yaƙi ya kawo ƙarancin kayan aiki, har aka dakatar da ita a 1942. Sai bayan shekara 26, a 1968, aka dawo da ita, wani gwanin ado mai suna Mike Longworth yana kula da aikin.

Amma babban abin da ya sa ba za a sake samun irin ta farko da sauƙi ba shi ne icce. Bayanta da gefenta na wani jan katako ne mai ƙamshi na ƙasar Birazil, wanda Turawa ke kira rosewood. An yi ta sarar sa har ya yi ƙaranci, Martin suka koma wa na Indiya a wajejen 1969. A 1992 yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta sa shi a rukuni na ɗaya, watau an hana cinikin sabon sara tsakanin ƙasashe. Shi ya sa a yau kuɗin D-45 ta dā guda ɗaya yake kai dubban ɗaruruwan daloli, har mai ita ya kan ji tsoron fita da ita wajen biki.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Madobiya ta dazuzzukanmu dangin wancan icce ce, kuma ita ma 'yan kasuwa rosewood suke ce mata. Ba don jita ake sarar ta ba, galibi ƙasar Sin ake kai ta a yi kujeru da gadaje. Manyan motoci sun yi ta kwasar ta daga Gana da Nijeriya da Gambiya da maƙwabtansu, har aka sa ta a rukuni na biyu na CITES daga 2017. Makiyayi ya san amfanin ganyenta ga dabbobi da rani, masassaƙi ma ya san ƙarkon katakonta.

Ƙwararrun ƙera jita suna nan, zanen D-45 ma yana nan a ajiye, amma iccen da ya shekara aru-aru yana girma ba ya dawowa da kuɗi. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka duk mai madobiya a gonarsa ya yi tunani sau biyu kafin ya sallama ta ga mai injin yanka. Allah Ya sa mu gane.