SANA'AR BA DA HAYAR TUFAFI

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Amma a Ingila akwai wani gida da ya mai da aron tufafi sana'a, har ya shahara da ita.

A cikin shekarar 1851 wani mutum mai suna Moses Moss ya buɗe ɗan kanti a unguwar Covent Garden cikin birnin Landan, yana sayar da tufafin gwanjo. Da ya rasu a 1894, sai 'ya'yansa biyu, Alfred da George, suka gaje shi. Daga nan ne kamfanin ya sami sunan Moss Bros, watau 'yan'uwan Moss.

A 1897 wani mutum, Charles Pond, wanda karayar arziki ta sama, ya riƙa zuwa wurin Alfred aron kwat don halartar walimar manya. Da abin ya yawaita, sai Alfred ya yanka masa kuɗin da zai riƙa biya. Mafarin hayar ke nan. Ciniki ya yi ta bunƙasa, har ran naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1953 manyan mutane da dama a nan suka yi hayar kayan da suka sa.

Asirin sana'ar ba wuya gare shi ba. Tufar biki tana da tsada, ga shi kuwa ba kullum ake sa ta ba. In mutum ya sayi alkyabba, yana karɓar ushirin kuɗinta a kowace haya, to, a haya ta goma uwar kuɗi ta dawo. Abin da ya biyo baya riba ne, in an cire ladan wanki da na ɗinki.

Saurayin Horo Birni, ko na Bodinga da Shagari, da ke sha'awar wannan sana'a, sai ya kiyaye abu uku. Ya rubuta sunan mai haya da ranar mayarwa a littafi. Ya karɓi jingina ko ya nemi mai lamuni. Kada kuma ya ba da tufa sai an wanke ta an buge.

Amfanin bai tsaya ga mai kaya kaɗai ba. Magidancin da ya yi hayar alkyabbar amarya ba sai ya sayar da hatsin rumbunsa saboda adon yini guda ba. Biki ya wuce, ba bashi a wuyansa.