Taya ɗaya rani da damina: abin da mai babur ɗin tsere ya kamata ya sani

Mai mota a Turai ko Amurka idan ya je sayen taya, iri uku ake ɗauko masa: ta lokacin zafi, ta lokacin ƙanƙara, da wadda ake cewa tana aiki duk shekara. Mai babur ɗin tsere ba shi da wannan gatan. Manyan kamfanoni ba sa ƙera wa irin su Yamaha R1 ko Honda CBR600RR ko Suzuki GSX-R tayar hawa ƙanƙara, kuma dalilin a fili yake. Babur sai ya kwanta yake shan kwana, abin da ya kwanta a kan ƙanƙara kuwa babu robar da za ta riƙe shi. Saboda haka idan ka ji masu manyan babura suna maganar tayar kowane yanayi, abin da suke nufi shi ne wadda za ta kama kwalta da sanyin asuba, ta kama ta ana tsuga ruwa, ta kuma jure zafin rana tsaka. Irin wannan akwai ta, ita ce tayar da aka yi domin doguwar tafiya da babur mai gudu. A ganina ita ta fi dacewa da mafi yawan masu hawa titin jama'a, duk da cewa ba ita ta fi ɗaukar ido ba.

Maganar duka a kan zafi ta rataya. Roba tana kama hanya ne idan ta yi laushi har ta iya shiga 'yan ƙananan ramukan da ke jikin kwalta. Idan ta yi sanyi sai ta ƙage, ta riƙa bi ta sama-sama. Tayoyin da suka fi kusa da na filin tsere, irin Pirelli Diablo Supercorsa, an haɗa robarsu ne yadda ba ta nuna gwanintarta sai ta ɗauki zafi sosai. Shi ya sa a gasar MotoGP ake lulluɓe tayoyi da bargon lantarki kafin a fita, a ɗumama su zuwa digiri 80 ko sama da haka. Wanda ya fito daga gida da safe, yana tsayawa a danja, yana ratsa cunkoso, bai da hanyar kai tayarsa wannan zafin. Ya kashe kuɗi mai yawa ya sayi riƙo, amma riƙon yana can a matakin zafin da ba zai kai ba. Ranar da yaro ya faɗo titi ya danne birki da ƙarfi, robar da ke ƙarƙashinsa mai sanyi ce.

Tayar doguwar tafiya kuwa tana fara aiki tun daga ɗan ɗumi kaɗan, kuma sirrin yana cikin haɗin robar. A da baƙin garin kabon ne kusan kaɗai ake cuɗawa da roba don ta yi ƙwari. Daga 1992, lokacin da Michelin ya fito da tayoyin mota masu silika, sinadarin da asalinsa yashi ne, sai abin ya canza. Silika tana sa roba ta ci gaba da laushi cikin sanyi, kuma tana taimaka mata ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta. Yau kusan duk wata tayar babur da ake yabo wajen ruwa tana ɗauke da silika mai yawa.

Sai zanen da ke jikin tayar. Mutane da yawa suna ɗauka cewa zane shi ne ke riƙe hanya, alhali a busasshiyar kwalta sumul ɗin roba ya fi riƙo, shi ya sa 'yan tsere ke hawa taya marar zane ko ɗaya. Aikin zane shi ne korar ruwa. Wurin da tayar babur ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu ba, idan ruwa ya shiga tsakanin wannan ɗan wurin da kwalta, babur ya koma yawo a kan ruwa, birki da kan babur duk sun daina jin magana. Dubi tayar titi da ta fi kusa da ta tsere, za ka ga tsagar kaɗan ce, gefe-gefenta kuma sumul. Dubi ta doguwar tafiya, tsagogin sun fi yawa, sun fi zurfi, sun kuma miƙa zuwa inda tayar ke taɓa ƙasa idan an ɗan kwanta. A 2011 Michelin ya ƙara wasu siraran tsagogi a Pilot Road 3 domin yanka shimfiɗar ruwan nan da ke saman hanya, a Road 5 ta 2018 kuma ya yi su yadda suke ƙara buɗewa yayin da tayar ke cinyewa, don kada korar ruwa ta ragu da tsufa.

Akwai dabara ta uku wadda ta fi shafar aljihu. Yawancin tayoyin nan roba iri biyu ce a jikinsu, musamman ta baya: mai tauri a tsakiya, mai laushi a gefe. Tsakiya ita ke shan wahalar miƙaƙƙiyar hanya da murɗa totur, gefe kuma shi ake buƙata a kwana. Wanda yawan tafiyarsa a kan miƙaƙƙen titi ne, irin na Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna, idan ya saka taya mai laushi ko'ina, tsakiyarta za ta baje tun gefen yana sabo fil. Taya mai bajajjen tsakiya kuwa muguwar abokiyar tafiya ce. Da farko babur ya ƙi kwanciya, idan ka matsa masa kuma ya faɗa kwanar gaba ɗaya.

To me mutum zai rasa idan ya zaɓi tayar doguwar tafiya? Abu biyu, kuma bai kamata a ɓoye su ba. Tayar tsere bayanta ya fi tsini, don haka babur ya fi saurin juyawa a kanta. Ta doguwar tafiya ta fi zagaye, juyawarta a hankali take, wasu mahaya ma sun fi son haka. Na biyu, idan aka kai ta filin tsere aka yi ta zagaye da gudun gaske cikin zafi, robar za ta wuce iyakarta ta fara santsi. Wanda ke zuwa filin tsere a kai a kai, ko wanda ba ya fita sai rana ta take a busasshiyar hanya, yana da hujjar neman irin Bridgestone Battlax S22 ko Pirelli Diablo Rosso IV, waɗanda ke tsaka-tsaki. Sauran mahaya, tambayar da ya kamata su yi wa kansu ita ce: wace rana ce mafi muni da nake hawa babur ɗin nan? Idan amsar ta ƙunshi hadari ya riske ka a hanya ko sammako cikin hunturu, da wannan ranar za a auna taya.

A tayoyin doguwar tafiya, sunayen da za ka fi cin karo da su su ne Michelin Road 6, Pirelli Angel GT II, Metzeler Roadtec, Bridgestone Battlax T32, Dunlop Roadsmart IV da Continental ContiRoadAttack 4. Ba zan ce wannan ta fi waccan ba, domin tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tazarar da ke tsakanin sabuwar taya da tsohuwa ba. Tun 2012 Tarayyar Turai ta wajabta manna wa tayoyin mota takardar da ke nuna darajar riƙonsu cikin ruwa, amma dokar ba ta haɗa da babura ba. Abin dogaro shi ne gwajin da mujallu ke yi, irin mujallar Motorrad ta Jamus, wadda ke gwada tayoyi gefe da gefe a jiƙe da bushe. Sai a kula da wani abu: Michelin da Bridgestone suna da nau'in da suke ƙara wa harafin GT, wanda aka ƙarfafa domin manyan babura masu nauyi da ɗaukar kaya. Babur ɗin tsere marar nauyi ba ya buƙatarsa. GT ɗin da ke cikin sunan Angel kuwa suna ne kawai, ba wannan ba ne.

Yanzu lambobi, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Yawancin baburan tsere masu injin 600 zuwa 1000 suna ɗaukar 120/70 ZR17 a gaba. A baya, masu 600 galibi 180/55 ZR17 ne, R1 kuma 190/55 ZR17. Lamba ta farko faɗin tayar ne da milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne idan aka kwatanta da faɗin, wato 55 cikin ɗari. Sha bakwai ɗin girman rim ne da inci. Bayan su za ka ga wani abu kamar 58W ko 73W. Lamba 58 tana nufin tayar na ɗaukar kilo 236, 73 kuma kilo 365, W kuwa gudun kilomita 270 a awa, idan kuma an sa su cikin baka to ta zarce haka. Kada a sauko ƙasa da abin da littafin babur ya faɗa.

Jarabar da ke damun matasa ita ce ƙara faɗin tayar baya don babur ya yi kwarjini. Taya 180 an yi ta ne domin rim mai faɗin inci biyar da rabi, 190/55 kuma ta fi zama daidai a kan mai inci shida. Idan aka matse babbar taya a ƙaramin rim, siffarta ta lalace, wurin taɓa ƙasa ya canza, babur ya yi nauyin juyawa. Baburan zamani kuma suna da birkin ABS da na'urar hana tayar baya sulɓewa, waɗanda lissafinsu ya dogara da zagayen tayar da kamfani ya sani. Haka nan gaba da baya su zama iri ɗaya daga kamfani ɗaya, domin tare aka tsara siffarsu da zanensu. Kowace kuma tana da kibiya a gefe mai nuna inda za ta riƙa juyawa, ka tsaya a kan mai faci ka ga ya bi ta.

Shekarun taya ma a rubuce suke. Nemi rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2523 na nufin mako na 25 a 2023. Roba tana ƙeƙashewa da tsufa ko ba a hau ta ba, balle wadda ta daɗe a rana. Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya ƙwararre ya duba ta kowace shekara idan ta kai biyar ana amfani da ita, a kuma cire ta idan ta cika goma komai kyan zanenta. Wannan ya shafi mahayan Najeriya kai tsaye, domin manyan tayoyin babur suna da tsada da wuyar samu, sai mutum ya karkata ga na gwanjo, duk da cewa tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su. Tayar da aka cire daga babur ɗin wani a Turai ba ka san zafin da ta sha ba, ba ka san ramin da ta faɗa ba. Mai mota idan ɗaya ta fashe yana da uku. Kai ba ka da wannan.

Ƙasar Hausa ba ta da ƙanƙara a hanya, amma shekararta ba ɗaya ba ce. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. A Jos sanyin asubar Disamba yana saukowa wajen digiri 10. Mafi haɗari duka shi ne ruwan farko. Wata da watanni baƙin mai da dizal da ƙura suna taruwa a kan titi, yayyafin farko ya taso da su, hanya ta zama sulɓi tsantsa kafin mamakon ruwa ya wanke ta. A irin wannan ranar silika da zurfin zane suke biyan kuɗinsu, amma ko da su sai an rage gudu, an guji farin fenti da murfin ƙarfe na magudanar ruwa. Yashin da iska ke tarawa a bakin kwana kuwa babu tayar da ke maganinsa.

Duk tsadar taya, iska ce ke tafiyar da ita. Baburan tsere da yawa na Japan suna son 36 a gaba da 42 a baya a ma'aunin PSI, amma ka duba takardar da ke manne kusa da sarƙa ko littafin babur ɗinka. A auna da safe kafin a hau, da geji mai kyau, ba da danna yatsa ba. Akwai masu rage iska a bazara wai don kada taya ta fashe, alhali akasin haka ne ke faruwa. Taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwasa, lanƙwasawar ke haifar da zafi, zafin kuma shi ke kashe ta. Idan ka auna bayan tafiya ka ga iskar ta ƙaru, bar ta, za ta sauka da kanta.

Sabuwar taya tana da santsi, don haka kilomita 150 zuwa 200 na farko a bi a hankali, ana ƙara kwanciya kaɗan-kaɗan har gefe ya goge. Daga nan sai a riƙa leƙa cikin tsagogin, akwai 'yan tudun roba da aka dasa a ciki, da zarar saman tayar ya zo daidai da su lokacin canji ya yi. Wajen zurfin zane, dokar Birtaniya ta tsaya a milimita 1 ga baburan da suka wuce injin 50, ta Jamus a 1.6, amma mai shiga damina bai kamata ya jira ko ɗaya daga ciki ba. Idan ƙusa ta huda gefen taya ba a faci, sai dai sabuwa.