Sirrin Tocila Mai Zuƙowa Yana Cikin Gilashinta

A kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya, Illela da Birnin Ƙonni, da wuya ka ga rumfar kayan lantarki babu tocila mai ƙwan LED, musamman wadda ake jan kanta haske ya tsuke ya tafi nesa, a mayar da shi ya bazu. Makiyaya da masu gadi na sonta matuƙa. To amma me ya sa wasu ke dawo da ita suna ƙorafin ba ta da haske? Sau da yawa laifin na gilashi ne.

Kamfanin Nichia na ƙasar Japan ne ya fara fitar da farin ƙwan LED a shekarar 1996. Ƙwan ɗan mitsitsi ne, kuma haskensa watsuwa yake yi. Gilashi mai tudu da ke gabansa shi ke tattara hasken: idan ya matso kusa da ƙwan sai haske ya bazu, idan ya yi nesa sai ya tsuke.

Kafin a ƙera shi, injiniyoyi kan zana siffarsa a kwamfuta, su bi hanyar da haske zai ratsa. Daga nan sai a sassaƙa samfuri daga wata roba mai garau, a gwada a ɗaki mai duhu, a yi ta gyara. Sai an gamsu ake yin ƙarfen zubi da zai fitar da dubbai, domin yana da tsada. Masu kwaikwayo kan tsallake wannan gwaji.

Ko mai kyau ma tana da nata rauni. In aka tsuke haske, wani kaso yakan ɓace cikin bututun. Haka nan jan kai da mayarwa na zuƙo ƙura, musamman lokacin hunturu.

Saboda haka kafin ka ɗauki katan, haska bango. In ta bazu, hasken ya zama bai ɗaya, ba baƙin zobe, ba rawaya a gefe. In ta tsuke ka ga murabba'i, kada ka damu, hoton ƙwan ne. Girgiza kan, kada ya yi motsi. Kada kuma lambar lumen 100,000 a jikin kwali ta ruɗe ka, tocilar aljihu mai batir ɗaya ba ta kai ko kusa ba. Hausawa dai sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.