Lacca Ko Warware Matsala: Hanyoyi Biyu Na Koyar Da Likitanci

Gabatarwa

Masana sun daɗe suna muhawara a kan yadda ya fi dacewa a horar da likita. Wannan maƙala za ta bayyana hanyoyi biyu da suka fi shahara, watau koyarwar lacca da koyo ta hanyar warware matsala, sannan ta nuna inda kowace ta yi ƙarfi da inda ta gaza.

Tsohuwar Hanya

Tsarin da aka saba da shi ya kafu ne bayan rahoton da Abraham Flexner ya fitar a 1910 a kan makarantun likita na Amurka da Kanada. A wannan tsari ɗalibi yakan share shekara biyu yana sauraron lacca a kan ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi da haɗa magunguna, kana ya shiga asibiti. Malami shi ne mai magana, ɗalibi kuwa mai saurare da rubutu. Amfanin hanyar shi ne ilimi yana zuwa daki-daki, kuma malami ɗaya ya isa ya karantar da mutum ɗari biyu. Illarta kuwa ita ce sau da yawa ɗalibi yakan haddace abu don jarrabawa, ranar da ya tsaya gaban majiyyaci sai ya rasa inda zai kama.

Sabuwar Hanya

A 1969 Jami'ar McMaster ta Kanada ta buɗe makarantar likita da wani tsari daban. Jami'ar Maastricht ta Holan ta bi sahu a 1974, Harvard kuma ta ɗauki wani sashe nasa a 1985. A nan ana kasa ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, galibi ba su wuce goma ba, a ba su labarin majiyyaci tun ba su karanci cutar ba. Alal misali, a ce ga magidanci ɗan shekara hamsin, yana fama da ƙishirwa da yawan fitsari da rama. Ɗalibai za su tattauna, su fito da abin da suka sani da abin da ya shige musu duhu, su watse su yi bincike, su dawo su haɗa abin da suka samo, har su gano ciwon suga da aikin sinadarin insulin. Aikin malami shi ne ja-gora da jefa tambaya.

Abin Da Bincike Ya Nuna

A 1993 an buga nazarce-nazarce biyu masu muhimmanci, na Albanese da Mitchell, da na Vernon da Blake. A dunƙule sun nuna cewa ɗaliban sabuwar hanya sun fi jin daɗin karatu, kuma ba su gaza takwarorinsu a aikin asibiti ba, har sukan ɗara su, amma a jarrabawar kimiyyar tushe wani lokaci suna zuwa baya kaɗan. A 2000 Colliver ya yi ƙorafi cewa ribar ba ta kai ɗawainiyar ba. Ɗawainiyar kuwa babba ce, domin tsarin yana bukatar malamai da yawa, da ɗakuna, da laburare mai kyau. Shi ya sa makarantu da dama suka koma gwama hanyoyin biyu.

Batun Harshe

Akwai wani ɓangare da ya shafi masana harshe. Ɗalibin likita a Zariya ko Kano ko Sakkwato da Ingilishi yake karatu, a Yamai kuwa da Faransanci, alhali majiyyata da yawa da Hausa za su kawo kukansu. Kalmar "sanyi" kaɗai tana iya nufin ciwon gaɓoɓi ko cutar al'aura, haka "basir" da "shawara" sun fi faɗi a bakin jama'a bisa ga ma'anarsu a littafin likita. Lacca ba ta cika koya wa ɗalibi yadda zai bi diddigin irin waɗannan kalmomi ba. Amma idan aka tsara labarin majiyyacin da ainihin kalmomin da zai furta, dole ɗalibi ya koyi tambaya kafin yanke hukunci.

Kammalawa

Lacca tana aza harsashi, warware matsala kuma tana koyar da amfani da shi. Likitan da ya rasa ɗaya daga cikinsu, majiyyaci ne zai ɗanɗana kuɗarsa. Saboda haka ya kamata masu tsara manhaja su haɗa biyun gwargwadon halin makarantarsu, su kuma nemi gudummawar malaman harshe wajen rubuta labaran da za a ba ɗalibai.